Baba Malam ya huta: ku taya mu rubuta tarihinsa

Babbar 'yarsa:
Salama gare ku 'yan'uwa. Da yawanku kun riga kun ji, amma ya kamata ku ji daga bakin gida. Babanmu, wanda kuka fi sani da Malam, ya huta ranar Talata da asuba, yana da shekara 92. Bai yi doguwar jinya ba. Kwana huɗu ya yi a kwance, hankalinsa garau har daren ƙarshe. Mama tana gaishe ku. Shekara 63 suka yi tare, ku sa ta a addu'a.

Daren Litinin ya ce a karanta masa Zabura 90. Jikarsa ce ta ɗauki Littafi, ta kai aya ta 10, wurin da aka ce kwanakin mutum saba'in ne, in da sauran ƙarfi ya kai tamanin. Kuka na cin ta, sai ta yi sauri ta haɗiye waƙafi. Idonsa a rufe ya ɗaga yatsa ya ce, "Koma. Akwai waƙafi a nan." Ta koma ta karanta a tsanake. Da ta gama ya ce Ubangiji ya ɗora masa 12 a kan tamanin ɗin, kyauta.

Ga abin da ya kawo ni. Muna haɗa ɗan littafi da za a raba ranar jana'iza, ni aka ɗora wa rubuta tarihinsa. Na zauna na rubuta "mutumin kirki, mai tsoron Allah, uba nagari", sai na ga ai kowa ya mutu haka ake rubuta masa. Da Baba ya ga takardar da ya zaro jan biro ya rubuta a gefe, "Kawo misali." To misali nake nema. Duk wanda ya zauna a ajinsa ya ba ni abin da ya gani da idonsa.

Tsohuwar ɗaliba, yanzu nas:
Wayyo Malam. Ubangiji ya ta'azantar da ku Yaya, ya riƙe Mama. Ina bakin aiki, in na tashi zan rubuto nawa.

Tsohon monita:
Sannunmu da rashi, Yaya. Shekara biyu na yi ina monita a ajinsa. Kafin a kaɗa ƙararrawa yana cikin aji. Yakan ɗauko zare ya goga masa alli, ni in riƙe wannan baki, shi ya riƙe wancan, ya ɗan ja tsakiya ya saki, sai layi ya fito a allo miƙe sak. Layi huɗu yake yi: harafi mai tsayi ya taɓa na sama, mai wutsiya ya sauka na ƙasa. Ba ya wasa da ƙugiya ko kaɗan. Ranar shifta wani ya rubuta "baki sun zo gidanmu", Malam ya ce ya tashi ya karanta daidai yadda ya rubuta, sannan ya tambaye shi baki nawa ne suka zo, da haƙoransu ko babu. Tun daga ranar ba wanda ya sake mance ƙugiyar "baƙi" a ajinmu.

Sai maganar rajista. In ya kira suna kwana biyu a jere ba a amsa ba, ba ya aika kowa. Ana tashi zai hau kekensa ya tafi gidan da kansa. Yara da yawa da aka so a cire daga makaranta, musamman mata, wannan keken ne ya dawo da su.

Alhaji:
Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayansa. Ni Musulmi ne, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na kiran sunan Malam ba tare da na ce "babana" ba. Mahaifina ya rasu saura wata biyu mu zana jarrabawar fita. Na daina zuwa, domin babu kuɗin rajista kuma ga ƙanne. Malam ya zo ya durƙusa ya yi wa mahaifiyata ta'aziyya, ya ce gobe in zo makaranta, an riga an biya. Na ɗauka makaranta ce ta yafe. Sai bayan shekaru hedimasta na lokacin ya gaya mini daga albashin Malam aka cire, kashi uku.

Abin da nake so ki rubuta, Yaya: duk zamana da shi bai taɓa ce mini in bar addinina ba, kuma bai taɓa ɓoye nasa ba. Da addu'a yake buɗe aji, Littafinsa na kan tebur kullum. In lokacin salla ya yi muna darasin yamma, shi ne zai duba agogo ya ce, "Ku je, za mu jira ku." Kuma da gaske yake jira, ba ya ci gaba a bayanmu.

Na bencin baya:
Yaya, ina yi muku ta'aziyya da zuciya ɗaya. Na rubuta wannan na goge har sau uku. Amma ke kika ce abin da muka gani da ido.

Ina da in'ina tun ina yaro. Ranar haddar lissafi Malam yakan bi layi, kowa ya tashi ya kawo nasa. Na san bakwai sau takwas hamsin da shida ne, na san shi kamar sunana, amma in na buɗe baki sai "ha" ta maƙale. Yana ƙirga uku, in ba ka faɗa ba ka miƙo hannu. Kusan kowace Juma'a sai na sha bulala, shekara guda cur. Zafin hannu ba ya kwana. Abin da ya zauna mini shi ne tsayuwar, aji tsit, ana jira, ni kuma ina kokawa da harshena. Yau na haura sittin, har yanzu in aka ce in yi magana a taro tafin hannuna sai ya yi gumi.

Ba na cewa mugu ne. Shi ya koya mini karatun da nake ci da shi. Amma in za a rubuta cewa bai taɓa cutar da kowa ba, to ni ga ni.

Dattijon ikkilisiya:
Haba ɗana. Ko binne shi ba a yi ba. Akwai maganar da ake yi a zaure, akwai wadda ake bari a ciki. Wanene a cikinmu bai sha bulala ba? Ni na sha, ban lalace ba. Karin Magana 13:24 ta ce wanda ya hana ɗansa sanda ƙinsa yake yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina roƙon masu kula da zauren nan su cire wancan rubutu kafin Mama ta gani.

Malama mai koyarwa yanzu:
Baba, da girmamawa, kada a cire. Ni ban zauna a ajin Malam ba, mahaifiyata ce ɗalibarsa, amma shekarata 14 ina riƙe da alli.

Gaskiya ne zamanin ne ya zo da haka, kuma ba a wuri ɗaya ba. Sweden ta hana duka a makarantu a 1958, ta hana shi har a gida a 1979. Birtaniya kuwa sai a 1986 majalisarta ta hana bulala a makarantun gwamnati. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda sashe na 28 nata ya ce horo a makaranta ya dace da mutuncin yaro, a 1989 ta zo. Kun ga Malam ya yi yawancin aikinsa a lokacin da malami marar bulala ake ganin rago ne. Wannan uzuri ne na gaskiya.

Sai dai in'ina ba ƙiwa ba ce, ba kuma rashin hadda ba. Tsoro da gaggawa ƙara ta suke yi. Yaron ya san amsa. Da an ce ya rubuta a allo da an ga haka tun makon farko. Ina da guda biyu a ajina bana, haka nake yi da su. Kawu na bencin baya, sannu.

Dattijon ikkilisiya:
'Yata, ban musa iliminki ba. Lokaci nake magana. Gidan makoki ne.

Fasto mai ritaya:
Ɗan'uwana dattijo, na fahimci abin da kake karewa, ni ma shekara 40 muna zumunci da marigayin. Amma ka duba Littafin da shi kansa ya rayu a kai. Bai ɓoye abin da Dawuda ya yi wa Uriya ba, yana nan a 2 Sama'ila 11, kuma Zaburar Dawuda muke rerawa har gobe. Bai ɓoye musun Bitrus ba, duk Bishara huɗu sun kawo shi. In Ruhu bai ga ya kamata a share wa waɗannan laifinsu ba, mu su wa?

Kuma ayar da Malam ya fi ambata game da aikinsa ba ta sanda ba ce. Yakubu 3:1 ce, wadda ta ce kada mu yawaita zama masu koyarwa, domin shari'armu za ta fi tsanani. Ya rubuta ta a bangon farko na Littafinsa. Tsohon bugu ne, fassarar Hausa da aka kammala a 1932, yakan ce shi da ita sa'anni ne. Ko da sabuwar fassara ta fito ya saya, yana karanta ta a sujada, amma ta asuba da tsohon yake yi, har bangonsa ya rabu Mama ta ɗinke da zare. Mutumin da ya sa wannan aya a gaban idonsa kowace safiya ba ya bukatar mu yi masa ƙarya.

Ɗansa na biyu:
Yaya, ki bar ni in yi magana, ko da ba za ki sa a littafin ba.

Ɗan'uwa na bencin baya, abin da ka faɗa ban ji shi baƙo ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A gida ma Malam ne. Ƙarfe biyar na asuba ya buga ƙofa, kowa ya fito sujada, mai gyangyaɗi ya tsaya a tsaye. In ka kawo sakamako ka zo na biyu, tambayarsa ɗaya ce: shi na ɗayan kai biyu gare shi? Mu bakwai ya haifa, amma ban taɓa sanin gidanmu da ƙasa da yara goma sha ba, 'ya'yan mutane da ya kwaso don su yi karatu. Alhaji, na yi murna da labarinka, Allah ya sani. Amma ka sani waɗannan watanni uku a cikin gidanmu aka ji su. Mama ce take raba abin mutum bakwai ga mutum sha biyu, ita ta ƙarshe. Na yi shekaru ina jin haushi, ina ganin 'ya'yan wasu sun samu uba, mu mun samu hedimasta.

Ina da shekara 30 da wani abu na karanta masa Afisawa 6:4 a fuskarsa, inda aka ce ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi. Bai ce uffan ba. Na tafi ina cewa shi ke nan mun ɓata. Bayan mako biyu sai ga shi a ƙofata, tafiyar yini guda a mota, da 'yar jakarsa. Ya kwana uku. Ya gyara mini ƙofar da ta karye, ya koya wa ɗana ɗaure igiyar takalmi, ya koma. Kalmar "yi haƙuri" ba ta fito ba. Baba da ƙafa yake ba da haƙuri. Na daɗe kafin in iya karanta wannan rubutun nasa.

Alhaji:
Ƙanena, wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na ci rabonku ban sani ba. Ka isar wa Mama, ina nan zuwa in durƙusa a gabanta.

Ɗansa na biyu:
A'a Yaya Alhaji, ba bashi nake bi ba. So nake a rubuta sunan Mama a duk inda aka rubuta alherinsa.

Na bencin baya:
Na gode da ba ku kore ni ba. Tun da an kai nan, bari in ƙarasa. Na haɗu da shi sau ɗaya bayan na girma, a layin ganin likitan ido, lokacin da za a cire masa yana. Da ƙyar yake gani, amma ina gaishe shi ya kira cikakken sunana, har da na mahaifina. Ya riƙe hannuna na dama, wanda ya sha bulalar, ya daɗe bai saki ba. Na jira. Na ce yau zai faɗa. Sai ya tambaye ni yara nawa gare ni. Aka kira shi ya shiga.

Wataƙila haƙurin ke nan, irin nasa. Amma ni da kunne nake bukatar in ji.

Fasto mai ritaya:
Kana da gaskiya ɗana, kuma ba zan yi wa abokina kwaskwarima a nan ba. Matiyu 5:23-24 ta ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon ka je ku shirya tukuna. Yakubu 5:16 ta ce mu furta laifofinmu ga juna. Furtawa da baki ake yi. Mu mazan zamaninmu an rene mu a kan cewa babba ba ya ba yaro haƙuri, muka ɗauki wannan muka shiga da shi ikkilisiya kamar aya ce. Ba aya ba ce. Ni ma ina da waɗanda ya kamata in kira a daren nan.

Tsohuwar ɗaliba, yanzu nas:
Na dawo, na karanta duka, na yi kuka a mota. Ni a shekarunsa na ƙarshe na aiki na same shi, kuma ban taɓa ganin bulala a hannunsa ba. Har mamaki nake in manya suna ba da labari. A zamaninmu in ka kasa, zama yake yi kusa da kai a benci, gwiwarsa na taɓa tebur, ya ce, "Nuna mini inda ka ɓata." Ni ya gano ba na ganin allo, ya dawo da ni gaba, ya rubuta wa babana takarda a kai ni a auna idona. Yaya, ko kin san abin da ya sa ya ajiye bulalar?

Abu na biyu yana damuna. Kowace 5 ga Oktoba, Ranar Malamai ta Duniya, nakan sa hotonsa a Facebook in rubuta dogon yabo. Shi kuwa ba ya Facebook. Shekara shida ban taka na je na gaishe shi ba. Kutare goma Yesu ya warkar a Luka 17, ɗaya ne ya komo ya yi godiya. Ina cikin taran.

Babbar 'yarsa:
Na kai wa Mama wayar, na karanta mata tun daga farko, ban tsallake komai ba. Baba dattijo, ka yi haƙuri, ita ta ce in karanta duka.

Game da bulala, ta ce ba rana ɗaya ya ajiye ba. Wani yaro ne da yake duka saboda barci a aji, ranar da ya bi shi gida ya tarar shi kaɗai ke jinyar kakarsa, dare duk ba ya runtsawa. Ta ce ya dawo ya kasa cin abinci. Daga nan ya rage, ya koma sai laifin ƙarya da sata, daga baya ya daina ɗungum. Ta ce sun sha yin gardama a kan wannan a ɗaki, shekara da shekaru, domin ita tun farko ba ta yarda da dukan yaro a kan karatu ba.

Ɗan'uwa na bencin baya, ta gane ka tun kafin in faɗi sunanka. Ta ce ba za ta ce maka ya taɓa yi mata maganarka ba, domin bai yi ba, kuma ba za ta ƙirƙira ba. Abin da ta sani shi ne bayan ritaya ya kwafe sunayen tsofaffin rajistocinsa a littattafan rubutu, ya raba su bisa kwanakin mako, yana bi da addu'a bayan sujadar asuba. Na duba, sunanka na cikin na Alhamis. Ba wata alama a gefensa, suna ne kawai cikin sunaye. Sai ta ce in rubuta maka wannan daidai yadda ta faɗa: "Ɗana, abin da aka yi maka ba daidai ba ne. Mijina ya yi kuskure. Shi bakinsa ya rufe, ni nawa bai rufe ba. Ka yi haƙuri, ka yafe masa."

Na bencin baya:
Ki ce wa Mama na ji. Ba zan iya rubuta da yawa yanzu ba. Ki ce mata zan zo, kuma in an ba ni dama ni zan karanta Zabura 90 ɗin. Zan yi jinkiri a wasu wurare, sai a jira ni.

Dattijon ikkilisiya:
Za a jira ka, ɗana. Na janye maganata ta cirewa. Amma ina nan a kan cewa horo bai zama laifi ba, kada 'yan baya su karanta su ce duk tsananin Malam kuskure ne. Rabin waɗanda ke zauren nan tsananin ne ya tsayar da su.

Malama mai koyarwa yanzu:
Baba, a kan tsanani ba mu da saɓani. Zuwa aji kafin ƙararrawa tsanani ne, bin yaro har gida tsanani ne. Bulalar ce kawai muka rabu a kanta.

Tsohon monita:
Wasu sun kawo shawarar mu haɗa kuɗi a kafa allon tunawa da sunansa. Ban ƙi ba, amma akwai abin da ya fi gaggawa. Ajin manya da yake yi ranar Asabar a ɗakin makarantar Lahadi, wa zai riƙe? Yakan tuna mana cewa makarantar Lahadi da Robert Raikes ya fara a Gloucester ta Ingila a 1780 karatu take koya wa yaran da ke aiki kwana shida a mako, ba waƙa kaɗai ba. Kuma tsarin da yake bi na Frank Laubach ne, ɗan mishan da ya yi aiki a Filifin: wanda aka koya wa, shi ma ya koya wa mutum ɗaya. Ni an koya mini, ban taɓa biya ba. Zan ɗauki Asabar ta farko da ta uku a wata.

Alhaji:
Littattafai da alli da fensir a kaina, duk shekara, muddin ina raye.

Babbar 'yarsa:
Na gode muku duka. Zan sa labarin zare da alli, da na keke, da na Alhaji haɗe da abin da ƙanena ya ce game da Mama. Ɗan'uwa na bencin baya, Mama ta ce a sa naka yadda ka rubuta shi in ka yarda, da suna ko babu suna, zaɓi naka ne. Mai buga littafin yana so a kai masa kafin Laraba da yamma, don haka masu sauran labari ku hanzarta.

Monita, mutum biyar ne a ajin Asabar, huɗu mata, ɗaya tsoho mai gadi. Na sami littafin shirin darasinsa a ƙarƙashin matashi. Sun gama b da ɓ, ya rubuta d da ɗ a shafi na gaba, ya ja layi huɗu, bai kai ga cikawa ba. Ka biyo ta gida ka karɓa. Har yanzu ana neman mai ɗaukar Asabar ta biyu da ta huɗu.